Nawa A-kori-kura Za Ta Ja, Nawa Za Ta Ɗauka?

A filinmu na Mota da Hanya, wasiƙun wannan watan sun taru a kan magana guda: manyan a-kori-kurar Amurka da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana, waɗanda ake kira 'yan rabin tan, da ƙananan tirelolin da ake ɗaura musu a baya. Kanikawa da masu walda na Suame Magazine a Kumasi ne suka amsa.

Assalamu alaikum. Na sayi Ford F-150 ta hannu wata biyu da suka wuce. Wanda ya sayar mini ya ce tana jan tan shida. Ina da ƙaramar tirela mai taya huɗu, ina so in riƙa kai kayan gini da leburori Ejisu da Konongo. Da gaske za ta ja tan shidan?
*Wani Alhaji, Aboabo*

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a kashe lafiya.

Lambar tana da asali, amma da wuya ta zama ta motarka. F-150 ta 2021 mai injin EcoBoost lita 3.5, wadda aka haɗa musamman domin ja, ita ce aka rubuta wa laba 14,000, wato kusan kilo 6,350. A cikin dangin nan kuwa akwai wadda iyakarta laba 5,000, kilo 2,270 ke nan. Suna ɗaya suke amsawa, amma inji daban, girman gidan fasinja daban, haƙoran giyar ƙafar baya daban: wata 3.31, wata 3.55, wata 3.73.

Ko da taka mai tan shidan ce, akwai wata iyakar da za ta riga tare ka. Kowa ya san abin da jaki ke ja a amalanke ya ninka abin da yake ɗauka a gadon bayansa. Haka mota take, tana da nauyin ja, tana da nauyin ɗauka. Tirela kuma tana cin duka biyun, domin bakinta yana danne bayan mota da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukan nauyinta, wannan dannawar kuwa a lissafin ɗauka take shiga.

Buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai. Akwai takarda mai rawaya da fari da ke nuna iskar taya, a samanta akwai jumla da Turanci mai lambobi biyu, ɗaya da kg, ɗaya da lbs. Wannan shi ne iyakar mutane da kaya gaba ɗaya na motarka ita kaɗai, kamar yadda ta fito daga masana'anta da tankinta cike. Takarda ta biyu tana ɗauke da GVWR, wato iyakar nauyin motar da duk abin da ke kanta, da GAWR guda biyu, iyakar ƙafar gaba da ta baya. GCWR, iyakar mota da tirela a haɗe, a littafin motar ake samunsa.

Mu ce takardarka ta nuna kilo 750, GVWR kuma 3,200. Kai da leburori huɗu, kowa kilo 80, kun cinye 400. Kejin ƙarfen da ake ɗora wa bodi a Magazine, 70. Akwatin kayan aiki, jak da safayar taya ta biyu, 50. Ƙarfen ja da sandunansa, 30. An tashi 550, saura 200. Tirelar da bakinta zai danna kilo 200 kawai, nauyinta duka da kayanta bai wuce tan biyu ba, kuma wannan a kan kashi 10 ne, mafi ƙarancin abin da ake yarda da shi. Ka sauke leburori uku su bi trotro, wato motar haya, saura ya koma 440, tirela mai tan uku da rabi ta shiga lissafi.

Me ya sa lambar talla ta yi nisa haka? Ma'aunin da kamfanonin ke bi, SAE J2807, wanda Toyota ta fara aiki da shi a Tundra ta 2011, Ford da GM da Ram suka biyo baya a motocin 2015, yana ƙaddara mutum biyu ne kacal a mota, kowanne kilo 68, bodi kuma babu komai. Wa ke fita aiki haka a Kumasi?

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Ƙwallon ja, wanda ake maƙala bakin tirela a kai, yana bayan ƙafar baya da fiye da mita ɗaya, don haka yana aiki kamar sandar ɓanɓare. Idan bakin tirela ya danna kilo 300, ƙafar baya tana karɓar kusan 400, ƙafar gaba kuma ta rasa kusan 100. Shi ya sa za ka ga gindin mota ya zauna, hancinta ya ɗaga, fitilu suna haska idon mai zuwa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu. Birkin gaba, wanda shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, ya rasa abin takawa.

Hanya ɗaya ce ta fita daga zato: sikelin da mota ke hawa, irin na wuraren fasa dutse da na masu sayen tsohon ƙarfe. Ka je da mota da tirela a lode, da mutanen da za su yi tafiyar. Da farko hau da motar kaɗai tana ɗaure da tirela, tayoyin tirela a waje. Sai ka ja gaba duka su hau. Sannan ka kwance tirela ka auna motar ita kaɗai. Misali awon farko 3,060, na biyu 5,360, na uku 2,760. Na farko a cire na uku, bakin tirela kilo 300 ne. Na biyu a cire na uku, tirela kilo 2,600 ce. Kashi 11 da rabi ke nan, kuma 3,060 bai kai 3,200 ba. Ka ƙara awo ɗaya, tayoyin bayan motar kaɗai a kan sikeli da tirela a ɗaure, ka gwada da GAWR na baya, domin sau da yawa shi ke fara cika.

Abu na ƙarshe, Alhaji: da yawa daga motocin Amurka da ke shigowa an saye su ne a gwanjo bayan hatsari. A ɗaga taka a duba shasi, musamman daga ƙafar baya zuwa bamba. Idan an taɓa gasa shi da wuta aka miƙe, ko akwai walda a jikinsa, lambobin takardar nan ba su ƙara zama hujja ba.

Ina sana'ar ruwan leda. Tundra ta 2012 nake rabo da ita, takardar ƙofa ta ce kilo 620. Direbana yana loda jaka 80, bayan motar yana zama ƙasa. Ya ce a ƙara mata ganyen sifirin biyu ta zama 'yar tan ɗaya. In yarda?
*Wata Hajiya, Asawase*

Hajiya, kada ki yarda. Jaka ɗaya leda 30 ce, kowace rabin lita, kilo 15 ke nan. Jaka 80 kilo 1,200 ne, kusan ninki biyu na iyakar motar tun kafin direba da yaronsa su shiga. Idan su biyun kilo 150 ne, abin da ya rage miki 470, wato jaka 31.

Ganyen sifirin yana ɗaga bodi ne kawai, mota ta daina nuna gajiyarta. Abin da ke ƙarƙashinsa bai canza ba. A motar rabin tan, sandar da ke juya tayar baya ita ce kuma ke ɗauke da nauyi, a kan boris guda a bakin aksul. Idan lodi ya yi yawa boris ɗin yana zafi, robar da ke tare mai ta ƙone, man aksul ya zubo a kan birki. In an ci gaba sandar ta gaji ta karye, taya ta fita da ita. Manyan yayyensu irin F-250 masu ɗaukar kaya sosai an raba musu aikin, bututun aksul ke ɗaukar nauyi, sanda juyawa kawai take yi. Birki da tayoyi da shasi ma duk a kan lambar takardar aka ƙera su.

Sunan rabin tan ɗin tsohon suna ne, daga zamanin da irin waɗannan motoci ke ɗaukar laba 1,000, kimanin kilo 450. Yau sun fi haka, amma yawancin masu ƙofa huɗu ba su kai Hilux ɗaukar kaya ba, ita da take ƙarama a ido tana ɗaukar kusan tan ɗaya. Inda Tundra ta fi ƙarfi shi ne ja, to a yi amfani da ita a nan. Tirela mai birki wadda nauyinta kilo 500 ne, a zuba mata jaka 100, ta zama tan biyu, bakinta ya danna kusan 240. Sauran wurin ya ishi jaka 14 a bodi. Kin kai jaka 114 a tafiya ɗaya ba tare da kin ƙetare ko lamba guda ba.

Masu ɗora tankin roba na lita 1,000 a bodi su ma su ji: ruwan kaɗai tan ɗaya ne. Rabin tanki kuma yana da nasa haɗarin, domin ruwa yana tunkuɗar mota a kwana da wajen taka birki.

Ina ɗauko shanu daga Techiman da tirelar da mai walda ya ƙera mini. Da na kai gudun kilomita 80 sai ta fara kaɗa wutsiya, musamman idan babbar bas ta wuce ni. Mene ne laifin?
*Wani Malam, Sabon Zongo*

Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi tayar mana da hankali, domin kaɗawar nan ita ke kifar da mota da tirela tare. Ka dakata da tafiya mai nisa har a gyara.

Kusan kullum dalilin guda ne, bakin tirela ba shi da isasshen nauyi. Masu walda da yawa suna sa aksul a tsakiyar bodi daidai, don mutum ɗaya ya iya ɗaga bakin da hannu. Daɗin ɗagawa ne a tsaye, masifa a kan gudu. Ya kamata aksul ya ɗan koma bayan tsakiya, kusan kashi 60 cikin ɗari na kaya ya zauna a gabansa. Shanu kuma kaya ne masu ƙafa: da ka taka totur ko ka fara hawa sai su ja baya, bakin ya ƙara sauƙi. A sa shinge na ƙarfe a raba cikin gida biyu, manya a gaba, a ɗaure kowace gajere, a shimfiɗa yashi ko ɓuntu kada su zame.

Kana iya auna bakin a gida da sikelin da mutum ke hawa. Ajiye bulo a gefe ɗaya, sikeli a ɗaya gefen, tsayinsu daidai, tsakaninsu santimita 90. Ɗora guntun bututu a kan kowanne, ka gitta katako mai kauri a kansu. Sauke bakin tirela a kan katakon, santimita 30 daga bulo, 60 daga sikeli, kuma a tsayin da yake zama idan an ɗaura shi a mota. Abin da sikeli ya nuna ka ninka sau uku. In ya nuna 70, bakin kilo 210 ne, ya dace da tirela mai tan biyu ko ƙasa da haka kaɗan. A toshe tayoyi gaba da baya kafin a fara.

Ka duba tirelar tana kwance sosai idan an ɗaura ta. Bakin da ya ɗaga sama yana ƙara kaɗawa, gara ya ɗan sunkuya. Tayar da iskarta ta yi ƙasa a gefe ɗaya ma tana jawo shi.

Idan ta fara a kan hanya, ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka bi ta da gyara hagu da dama, kada ka danne birkin mota da ƙarfi. In tirelar tana da birkin lantarki, matsa maɓallinsa na hannu shi kaɗai, zai ja ta ta miƙe. Masu cewa a ƙara wuta sun ɓatar da mutane, domin gudu shi ne abincin kaɗawar. Da ta lafa ka sauka gefe ka gyara lodi.

Tirelata daga Jamus ta zo, motata Silverado 1500 ce daga Amurka. Kofin tirelar ba ya zama sosai a kan ƙwallon, sai an buga da guduma. Fitilu ma ba su haɗu ba.
*Wani mai karatu, Tafo*

Ɗan'uwa, ajiye gudumar. Ƙwallon Turai milimita 50 ne. Na Amurka iri uku ne: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Mai inci 2 milimita 50.8 ne, ya fi na Turai da ƙasa da milimita ɗaya, amma wannan ɗan bambancin ya isa ya hana kofi kullewa, sai ka faɗa rami a hanya ya tsalle ya fita. Girman yana rubuce a kan ƙwallon da kuma jikin kofin, tare da iyakar nauyinsu. Sayi ƙwallo mai milimita 50 wanda wuyansa ya cika ramin da zai shiga, a ɗaure notinsa da ƙarfin da aka rubuta. Bayan an kulle, sa jak ɗin tirela ka ɗaga: in bayan mota ya taso tare da ita, ta kama.

Ƙarfen ja na motar ma yana da takardarsa a ƙasa, mai layi biyu. A F-150 da yawa layin farko laba 5,000 ne na tirela da laba 500 na baki, kilo 2,270 da 227. Babbar lambar ta layi na biyu sai an sa ƙarfe mai raba nauyi, mai sanduna biyu da ke mayar da wani kaso ƙafar gaba. Ka karanta na taka. Sai dai tirelar Turai yawanci birkinta na tunkuɗa ne, bakinta yana shigewa ciki idan mota ta rage gudu sai ya ja birkin, kuma sandunan raba nauyi suna iya hana shi motsi. An kuma ƙera ta da bakin da ya fi na Amurka sauƙi, iyakarsa yana kan farantin da ke jikin wuyanta, shi za ka bi.

Fitilu: yawancin motocin Amurka waya ɗaya ke ɗaukar birki da sigina a kowane gefe, na Turai kuwa sigina mai ruwan lemo ce da wayarta daban. Akwai ƙaramin akwatin da ke raba su, shi za a saka, kada a yanka wayoyin motar ana laluben sa'a. Sarƙoƙi biyu kuma a gitta su a ƙarƙashin bakin tirela, a maƙala a shasi ko ƙarfen ja. Ƙarfen da aka yi wa walda a jikin bamba ba wurin ja ba ne.

Ina jan janareta da siminti zuwa Mampong. A hawa mota na zafi, a gangara birki na wari kuma ƙafa na nutsewa.
*Wani direba, Aboabo*

Direba, fara da tirelar: tana da birki? Ƙa'idar da ake bi a Turai, kuma ita ke rubuce a littafin Hilux, tirela marar birki kada ta wuce kilo 750 da kayanta. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu goma da nauyin tirelar kanta sun kai ka iyaka. Fiye da haka birkin mota kaɗai ba zai riƙe ba a gangaren dutsen Mampong, ko na Kwahu idan an sauko Nkawkaw.

Nutsewar ƙafa alama ce man birki ya tafasa. Man birki nau'in DOT 3 sabo yana tafasa a digiri 205, amma yana shan laima daga iska, in ya sha sai ya sauko wajen 140. DOT 4 kuma 230 da 155. Da laimar Kumasi, a canza shi duk shekara biyu, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. A gangara sauko da giya tun daga sama, giyar da ka hau da ita da ita za ka sauka. Danna maɓallin Tow/Haul, yana riƙe giya, yana sa inji ya taya ka riƙo. Taka birki da ɗan ƙarfi gudu ya ragu, ka sake shi ya huce, ka sake takawa. Ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa shi ke ƙona shi.

Zafi kuwa bai kamata ba in nauyi yana cikin iyaka. A gwajin J2807 ana hawan hanyar Davis Dam a jihar Arizona, kilomita 18, cikin zafin digiri 38, da na'urar sanyi a kunne. To a duba abin da aka canza. An cire tamostat, kamar yadda ake yawan yi a nan? A mayar da shi. Ruwan famfo ne zalla a lagireto? A wanke a zuba ruwan sanyaya inji. Gaban lagireto ya toshe da ƙura da ƙwari? Shin motar ta zo da ƙaramin lagireton man giya, ko an jefar da shi wajen gyaran gaba bayan hatsari? Yawancin motocin nan suna nuna zafin man giya a allon gaba. In ya doshi digiri 120 ka tsaya a gefe, ka bar inji yana aiki har ya sauko.

Tayoyin hannu nake saye. Wace iri ta dace da ja?
*Wani ɗan kasuwa, Asawase*

Karanta jikin tayar, yallaɓai. Bayan girma akwai lambar nauyi: 112 kilo 1,120 ne, 115 kilo 1,215, 121 kilo 1,450. Kada ta gaza wadda ke kan takardar ƙofa. Mai harafin P a gaba tayar fasinja ce, idan tana kan a-kori-kura ana rage mata kusan kashi 9 cikin ɗari. Mai LT ta fi ƙarfin gefe, tana rage lilo, amma tana son iska fiye da P kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, kuma ba ta ƙara wa mota iyakar ɗauka.

Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta na da kyau, kada ta je ƙafar baya ko tirela. A auna iska da safe kafin a motsa. Bayan tafiyar kilomita 20 na farko ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da cibiyar kowace tayar tirela. Wadda ta fi sauran zafi, ko dai boris ɗinta na neman giris, ko birkinta ya maƙale, a kwance ta kafin a ci gaba.